Tarin Yara: Wanne Ne Na Gida, Wanne Ne Na Asibiti?

Mai tankaɗe ta ci gaba da tankaɗenta, mai ɗinkin hula ta ci gaba da ɗinkinta, kunne kawai nake aro.

Yau a kan mura da tarin yara za mu yi magana. Na san wata za ta ce, mura kuma har sai an ɓata mata shiri guda? Ai ba gidan da babu yaro mai majina. Gaskiya ne. Likitocin yara ma sun ce yaro ƙarami mai cikakkiyar lafiya yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, wanda ke da yayye masu zuwa makaranta kuwa yakan wuce haka. Yawancinta takan zo ta wuce ba ta bar komai ba. To amma a cikin wannan murar da muka raina akwai wadda kan bar hanci ta sauka ƙirji, kuma ita ce ke ɗauke mana jarirai. Wa zai fara ganin ta sauka? Maigida yana kasuwa ko wurin aiki. Mai kemis bai taɓa ganin yaron ba. Ke ce kike tare da shi dare da rana, saboda haka ke ce ya kamata ki fi kowa sanin bambancin.

Bari mu fara da abin da ke kawo ta. Mukan ce sanyi ne ya kama yaro, ko ya sha ruwan randa, ko ya yi wasa da ruwa. Sanyi da ƙurar hunturu suna da nasu hannu, don suna busar da cikin hanci, suna kuma tara mu ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga. Amma ainihin mai laifin wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, wadda ke tashi daga wani mutum ta shiga wani. In babu ita, ko yaro ya wuni cikin ruwa ba zai yi mura ba.

Ƙwayoyin cutar nan manyan gidaje biyu ne. Akwai gidan bakteriya, akwai gidan bairos. Bakteriya tana da ɗan girma, tana iya rayuwa da kanta, tana ci tana hayayyafa. Ita ce maganin nan da ake kira antibayotik ke kashewa, wato su kafso ja da yalo, su Ampiclox, su Septrin, da na ruwansu da ake ba yara. Bairos kuwa ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya komai ita kaɗai. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin naman jikin mutum, ta ɓuya a ciki, ta yi ta hayayyafa da kayan gidan da ta tarar. Ku ɗauki misalin ɓera da ƙwaron wake. Dukansu ɓarna suke a rumbu, amma tarkon ɓera ko guda goma kika ɗana ba zai kama ƙwaron da ke cikin ƙwayar wake ba. To haka antibayotik yake da bairos. Ba ya taɓa ta ko kaɗan. Kuma kusan duk murar yara, da mafi yawan tarinsu, aikin bairos ne. Garkuwar jikin yaron ce ke yaƙarta har ta ga bayanta, cikin mako guda zuwa kwana 10.

Su bairos ɗin ma dangi ne masu yawa. Wadda ta fi kawo murar yau da kullum sunanta rainobairos, kuma ita kaɗai ta fi iri 100. Shi ya sa yaro zai warke yau, bayan mako uku ya sake kwasowa. Ba maganin ne bai yi ba, wata 'yar uwarta ce ta zo, jiki bai san ta ba. Akwai infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki, ita ce ta yi annobar 1918 da ta kashe miliyoyin mutane a duniya har ta iso ƙasar nan. Akwai wata mai kumbura maƙogwaron yara 'yan wata 6 zuwa shekara 3, ki ji cikin dare yaro na wani irin tari kamar haushin kare, murya ta dishe. Korona da ta kulle mu a gida a 2020 ita ma bairos ce. Haka ƙyanda, wadda da mura da tari da jan ido take farawa kafin ƙuraje su feso.

Amma wadda nake so ku riƙe sunanta yau ita ce RSV. Haruffa uku ne kawai, ar, es, bi. An gano ta a 1956, kuma kusan duk yaron da ya kai shekara 2 a duniya ya taɓa yin ta. A jikin babba, ko yaro ɗan makaranta, yawanci mura ce kawai, ba ta ma hana shi fita. A jikin jariri labarin daban ne.

Hanyoyin iskar da ke cikin huhu kamar bishiya suke da aka kifa, gindi a sama, rassa a ƙasa. Daga maƙogwaro sai su yi ta rabuwa suna sirancewa, har na can ƙarshe su zama kamar zare. Na jariri kuwa sun fi na kowa siranta. RSV can take sauka, ta kumbura waɗannan 'yan rassa, ta cika su da majina mai kauri. Sai iska ta riƙa shiga da ƙyar, tana fita da ƙyar, wani lokaci har ki ji kamar fito a ƙirjin yaron. Yadda take yaudarar uwa shi ne, ranar farko da ta biyu majina ce kawai da ɗan tari da ɗumin jiki. Sai a kwana na 3 zuwa na 5, lokacin da kike zaton an kusa rabuwa, a nan ne take tsananta.

Masana sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai RSV ta kwantar da yara fiye da miliyan 3 a asibiti, ta kashe kimanin 100,000 'yan ƙasa da shekara 5, kusan rabinsu ba su cika wata 6 ba. Fiye da 97 cikin 100 na waɗanda suka rasu a ƙasashe irin namu suke, masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Ba don ƙwayar tamu ta fi ta Turai dafi ba. Can ana kai yaro da wuri, a sa masa iskar oksijin, ya farfaɗo. A nan sau da yawa a gida ake cikawa, ko a hanya.

A wannan shekarar ta 2019 an fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 7, cikinsu har da Mali da Gambiya, a kan yaran da aka kwantar da matsanancin ciwon limoniya, wato sanyin haƙarƙari. An daɗe ana ɗauka bakteriya ce ke kawo yawancinsa. Sai aka tarar kusan 61 cikin 100 bairos ce, kuma RSV ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada kuma a ce sai da hunturu take zuwa. A Gambiya da damina aka fi ganinta.

Yanzu ku duba yadda muke yi a gidajenmu. Yaro ya kwana yana tari. Da safe sai a kira almajiri ko babban wansa, a ba shi kuɗi, a ce je ka ce wa mai kemis yaro na tari da zazzaɓi. Ko a gaya wa maigida ya taho da magani in zai dawo. Shi mai kemis bai ga yaron ba, bai san watanninsa ba, bai ji numfashinsa ba. Sai ya haɗo leda: antibayotik ɗaya, na tari ɗaya, na zazzaɓi, da na ƙarin jini. In mura ce ta gida, bayan kwana biyar yaro ya warke da kansa, a ce maganin mai kemis ɗin nan akwai kyau. An yi asarar kuɗi, wataƙila yaro ya samu gudawa a kai, kuma bakteriyar da ke jikinsa ta fara sabawa da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. In kuwa wadda ta sauka ƙirji ce, to ledar nan ta fi komai haɗari, don ta kwantar mana da hankali. Ana cewa ai ana ba shi magani, a jira ya bi jikinsa. Kwana biyun da aka yi ana jiran nan su ne yaron ba shi da su.

Wata za ta ce, ai majinar ta koma kore, ta yi kauri. Wannan ba shaida ba ce. Majinar mura takan fara kamar ruwa, ta yi fari, ta yi ɗorawa ko kore, sannan ta bushe. Hanyarta ke nan.

Maganin tari na kwalba kuwa, ni ban ga amfaninsa ga ƙananan yara ba, likitocin yara ma ba sa son a ba su. Tari shara ce, da shi ƙirji ke fitar da datti. Wasu magungunan suna sa yaro barci mai nauyi, ki ɗauka sauƙi ne, alhali an rufe miki alamar da za ki gani. Mai ɗauke da kodin gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi tun 2018. Kuma ba mu manta da 2022 ba, lokacin da yara kusan 70 suka rasu a Gambiya da ciwon ƙoda, aka danganta abin da wasu magungunan tari da mura na ruwa masu guba a ciki. Kwalbar da ba likita ne ya rubuta ba, a yi hattara da ita.

To me za ki yi wa mai murar gida? Nono, nono, nono. Jaririn da bai kai wata 6 ba, babu abin da zai shiga bakinsa sai shi, kuma a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, don yana saurin gajiya. Jariri da hanci yake numfashi, in ya toshe sai ki ga ya kama nono ya saki ya fashe da kuka. Ki tafasa ruwa kofi ɗaya, ki sa gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi, ya huce, ki ɗiga masa ɗigo biyu a kowace ƙofar hanci kafin shayarwa, ki goge da ƙyalle mai laushi. Kullum a haɗa sabo. Yaron da ya fara cin abinci a yawaita masa ruwa da kunu da romo, ko ba ya so a lallaɓa shi. Wanda ya wuce shekara 1 a ba shi zuma ƙaramin cokali, ko cikin ruwan ɗumi da lemun tsami, tana lafar da tarin dare. Wanda bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma sam, ko ta lasawa. Ga zazzaɓi farasitamol ya isa, gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna. Asfirin ba na yara ba ne. Man zafi irin su Robb da kafur kada a cusa wa jariri a hanci. Kuma tunda muna ƙasar sauro, zazzaɓin da ya wuce yini guda a je a gwada jini, kada a ɗora wa mura laifin maleriya. Tarin kan iya jan mako biyu yana raguwa. In ya wuce kwana 14 a kai shi a duba, saboda tarin fuka da asma.

Sai maganar beli. Har yanzu akwai gidajen da in yaro ya matsa da tari sai kaka ta ce belinsa ne ya sauko, a kira wanzami. Iyayenmu da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma belin nan ba shi ya kawo tarin ba. Yaron da ke fama da numfashi, a zo a yanka masa cikin maƙogwaro, jini ya zuba, nono ya gagare shi, ga tsoron tetanus da sauran cututtukan da aska ke ɗauka. An ƙara masa ciwo a kan ciwo ne. Haka tsagar da ake yi a haƙarƙari.

Yanzu ga abin da na fi so ku ɗauka daga shirin yau. Ku ajiye abin da ke hannunku minti biyu.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan ƙima ba ta isa ba, ƙirge za ki yi. Ki bari yaron ya natsu, ko yana barci, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki ɗage rigarsa ki ga ciki da ƙirji. Ki ɗauki agogo ko wayar hannu, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Ciki ya taso ya koma, ɗaya ke nan. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko ya wuce, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Sittin, hamsin, arba'in. Wadda ta iya rubutu ta rubuta a bayan katin rigakafi, wadda ba ta iya ba ta sa 'yarta ta rubuta mata, da boko ko da ajami. In kin yi shakka ki sake ƙirgawa. In ya kai waɗannan lambobi, ciwon ya bar hanci, yau za a je asibiti, ba gobe ba.

Bayan ƙirge, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa, inda ƙirji ya haɗu da ciki. Mai lafiya in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. In kika ga duk jan da zai yi sai wurin ya lotsa ciki, to huhu ya yi tauri, da ƙarfin tsiya yake jan iska. Ki dubi hancinsa ko yana buɗewa yana rufewa. Ki saurara ko yana ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko wata ƙara mai kaushi in ya ja iska alhali ba kuka yake ba. Yaron da ya kasa kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya tashi, ko leɓensa da harshensa suka sauya launi, wannan ko tsakar dare ne a fita da shi. Jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini, wani lokaci ba ya ma tari sosai, sai dai numfashin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Duk jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ba a yi masa maganin gida.

A nan ne maganar ta zo kanmu, mu da ba ma fita sai da izini. Kin ƙirga kin samu 64, maigida ya tafi cin kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga. Me za ki yi? Mata da yawa a nan suke tsayawa, su rungume yaro suna kallon ƙofa har magariba. Ba rashin so ba ne, ba a taɓa yin maganar ba ne. To tun ran gini ran zane. Ki samu maigida ranar da kowa ke lafiya, ya ci ya ƙoshi, ki ce masa, Malam, in ba ka nan yaro ya shiga irin wannan hali, me ka yarda in yi? Ya ba ki izini tun yanzu, ya faɗi wanda zai raka ki, ko ƙaninsa, ko Inna, ko abokiyar zamanki. Ku san mai Keke Napep ko mai mota ɗaya a unguwa, lambarsa na cikin wayarki. A ware ɗan kuɗin mota a wani wuri da ba a taɓawa, ko daga kuɗin adashi ne. Iyayen gida maza da ke jin mu daga zaure, don Allah ku ku fara tayar da zancen, ku sauƙaƙa mata. Uwargida kuma, in ɗan amarya ne ba lafiya, ke kika fi ta ganin yara, ki taya ta ƙirgawa, ki riƙe mata sauran in ta fita.

In kun isa asibiti, kada ki ce yana tari kawai ki koma layi. Ki ce wa nas, na ƙirga numfashinsa 64 a minti, haƙarƙarinsa na lotsawa, tun asuba bai kama nono ba. Wannan magana takan sa a duba shi da gaggawa. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yaro a yatsa, tana nuna yawan oksijin da ke jininsa. In ya gaza 90 yana buƙatar a sa masa iska. Kada ki tsorata da robar hancin nan. Wasu na cewa wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi. Ba ita ke kashewa ba, makara ce ake yi kafin a zo. Ga mai RSV, iskar nan da ruwa ko nonon da ake ba shi ta 'yar roba su ne ainihin maganin, su ke riƙe shi har jikinsa ya ci ƙarfin cutar.

Mai yiwuwa kuma a rubuta masa amoksisilin. Kada ki ce to ai an ce antibayotik ba ya kashe bairos. Idan ciwo ya sauka huhu, da wuya a bambance na bairos da na bakteriya da ido, kuma sau da yawa bairos ce ke buɗe ƙofa bakteriya ta biyo bayanta. Wanda ya ga yaron ya auna shi, shi ke da hurumin yanke wannan hukunci. In ya rubuta, a ba da shi daidai, a cika kwanakin ko da yaro ya miƙe.

Ta ina ƙwayar ke shigo mana gida, mu da ba ma zuwa ko'ina? A hannun mutane. Yayye su dawo daga boko ko Islamiyya da majina, su zarce wurin jariri su sumbace shi. Tana fita cikin tari da atishawa, tana kuma iya yin awoyi a kan kofi, da marfin ƙofa, da kayan wasa. Babbar ranarta kuwa ita ce ranar suna. Ɗaki ya cika maƙil, jariri ɗan kwana 7 yana yawo daga hannu zuwa hannu, wannan ta yi atishawa ta goge da gefen mayafi ta karɓe shi. Na san da nauyi a ce wa gwaggo kada ta ɗauki jikanta. Amma mai jego na iya sa wata babba a ɗakin ta tsaya mata, a ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, mai mura ta yi barka daga nesa. Yara su wanke hannu da sabulu in sun dawo kafin su taɓa ƙaninsu.

Hayaƙi ma yana raunana ƙirjin yaro. Goyo a baya ana hura icce ɗanye, turaren wuta a ɗakin mai jego an rufe taga, maganin sauro na kunnawa a kusa da kan jariri, ga sigarin wasu mazan. In za ki yi girki ki ba wata ta riƙe shi nesa da murhu. A turara ɗaki yaro na waje, a bari hayaƙin ya fita. Kaskon gawayi kuwa ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, ko ana tsananin sanyi, don yana kashe har manya cikin barci.

Allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, kuma ƙyanda ta ƙirji ta fi yin kisa. Alluran mako 6 da 10 da 14 suna tare bakteriyar nan masu biyo bayan mura, da tarin shiƙa, da mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023. Kyauta ake yin su a asibitocin gwamnati. Ita ma RSV an samo mata rigakafi. A 2023 aka fara amincewa da wata allura da ake yi wa mai ciki a watannin ƙarshe, garkuwar ta bi ta mahaifa ta shiga jikin ɗan, ta kare shi a watanninsa na farko. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su ɗauke ta. In kin je awo ki tambayi ma'aikaciyar ko ta iso wurinsu.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗauko maganar gudawa da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Masu ciwo a gida da asibiti Allah Ya ba su lafiya. A gaida yara. Wassalamu alaikum.